Kekena Mai Furanni da Bargon Auta

A shekarun yaƙin basasa na sayi keken ɗinkina na farko, kuma na saye shi ne ban taɓa zura zare a allurar keke ba. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. A wancan lokacin gani nake babu abin da mace ke yi da hannu biyu da zai gagare ni, in dai na taɓa hango wata tana yi, ko da ta ƙofar zaure ne.

Dalilin sayen kuwa ƙanena ne, autan gidanmu. Ya shiga soja bai yi shawara da kowa ba, sai da aka aske masa kai aka ba shi kaki sannan labari ya iso gida. Aka ce za a ɗan koya musu harbi, a bar su su zo sallama, daga nan jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa kudu. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai ce a jawo mata kwandon ƙyallaye daga ƙarƙashin gado.

Mu asalinmu mutanen Barno ne. Kakannin kakanninmu suka zo Kano da fatauci suka zauna a gindin Dala, har yaren ya ɓace mana, sai 'yan kalmomin zagi da Iya ke ajiye da su don ranar buƙata. Abin da bai ɓace ba shi ne bargon tafiya. Duk wanda zai yi nisa a gidanmu, ko fataucin goro ko Makka a ƙasa, mata sukan haɗa masa bargo. Kowa a gidan zai ba da ƙyalle daga tufar da ya taɓa sawa a jikinsa. A harhaɗa ƙyallayen su zama fuskar bargon, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa yadin akoko ta baya, a bi shi da ɗinki layi-layi daga wannan baki zuwa wancan, sannan a naɗe bakunan a rufe. Iya ta hakikance babu wanda ya taɓa fita da bargon nan bai dawo ba. Na taɓa tuna mata da wani kawunta da ya tafi gabas, shiru har yau. Ta ce ai shi tun a ƙofar gari ya sayar da nasa.

Mijina, Malam, mai sayar da tawada da takardun karatu ne a bakin kasuwar Kurmi, kuma mutum ne mai son gyara zance. Ya ce in gaya wa Iya bargo ba ya tsare rai, Allah ke tsarewa, kuma kudu ba ƙasar sanyi ba ce. Ba zai iya faɗa mata da bakinsa ba, suruka ce, don haka ni ce jakadiya. Iya ta ce in gaya masa ta san da haka tun kafin a haife shi, amma in yana da tsohuwar rigar da ba ya sawa ya aiko da hannunta ɗaya. Washegari ya aiko da rigar sukutum.

Matsalar ita ce idon Iya. Yanar ido ta fara rufe mata shi, ba ta iya zura allura, in ta ɗinka layi sai ya tashi daga Dala ya nufi Kabuga. Sauran matan gidan kuwa kowacce da girkinta da goyonta. Bargon da akan ɗauki watanni ana yi, ga shi ana buƙatarsa cikin 'yan makonni. Na iske Iya wata rana tana laluben kafar allura da yatsa, ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta ajiye ta yi tagumi. Tausayinta ya kama ni, kuma ni in tausayi ya kama ni bakina ke fara aiki kafin kaina.

Na ce, "Iya, ki bar wahalar da kanki. Ɗinkin hannu ai ya zama tsohon yayi. Keke zan saya, kafin ki gama tasbihi na gama bargon."

Ni ce 'yar farinta, ba ta faɗin sunana, sai dai "ke". Ta ɗago ta dubi wajen da murya ta fito ta ce, "Ke, kin iya?"

Na ce, "Juya mariƙi har sai an koya?"

Duk matan gidan sun ji. Babu hanyar janyewa kuma.

Abin da nake da shi ɗaukar adashi ne da ya zagayo kaina a watan. Sabon keke kuwa ba a maganarsa. Tun da yaƙi ya taso kaya suka daina shigowa yadda suka saba, 'yan waɗanda suka rage a kantuna farashinsu sai matan manya. Don haka na aika wa dillaliyar unguwarmu ta Jakara, wata tsohuwa da ke shiga gida-gida da kaya a ka, wadda ko tsintsiya ta kawo sai ta ba ki tarihin sarautar gidan da ta fito. Na ce ina son keken hannu, na gida, mai rangwame.

Ta fara kawo wani. Ɗan dako ya dire shi a tsakar ɗakina yana haki. Baƙi ne, ƙato, fentinsa ya ɓare, wuyansa dogo, tsakanin allura da gindinsa fili ne da kaza za ta iya wucewa. Ta ce na wani tsohon tela ne da ya rasu, manyan riguna masu shafi yake ɗinkawa da shi, magada suke son rabuwa da shi. Da ta juya mariƙin sai ya yi ƙara kamar ana niƙa a dutse. Kuɗinsa bai ma kai adashina ba, har da canji zan samu. Na dube shi, na dubi jeren tasoshi da kwallayena da ke ƙyalli a jikin bango, na ji kamar an shigo min da jaki ɗaki.

Na ce, "Baba, wannan ai sai a zaure. Babu wani?"

Ta yi murmushin da ya kamata in gane, ta ce akwai, amma ba ta zaci aljihuna zai kai ba.

Wanda ta kawo bayan kwana biyu, da marfinsa na katako ya zo, har da ɗan mukulli. Da aka buɗe sai da na ce "Tubarkalla" ban sani ba. Ƙarami ne, siriri, baƙinsa na sheƙi, an zana masa furanni na ruwan zinariya tun daga wuya har gindi. Kafin dillaliya ta buɗe baki na riga na zaɓa masa wurin zama, tsakanin gadon ƙarfe da jere, inda duk wadda ta ɗaga labule za ta fara cin karo da shi.

Amma ban yarda a ce na sayi kaya ban gwada ba. Kowace macen Kano ta san yadda ake gwada tasa: a ɗaga ta, a ƙwanƙwasa da bayan yatsa, a kasa kunne. In ta yi amo mai tsawo lafiyarta ƙalau, in ta yi "ɗum" akwai tsaga. Da wannan ilimin na tunkari kekunan nan biyu, domin tsohon yana nan a lungu ba a zo an ɗauke shi ba. Na durƙusa na ƙwanƙwasa shi, ya amsa min da murya irin ta turmi. Na ƙwanƙwasa mai furanni a gefen ƙarfen da ke sheƙi, ya ce "tan". Na miƙe na gyara ɗaurin zani na ce, "Kin ji bambanci ko?"

Dillaliya ta ce wallahi ita ma ta ji, kuma ba kowa ke da kunne irin nawa ba.

Akwai wani ɗan siririn ƙyalle a maƙale ƙarƙashin allurar, mai shara-shara, fari da ɗigo-ɗigon rawaya, irin wanda ake yi wa yarinya riga. Dillaliya ta juya mariƙin, keken ya bi ƙyallen sumul, ɗinki ya fito jere kamar haƙoran jariri. Ga bargon da zan ɗinka can a Dala, kaurinsa ya kai tafin hannu, amma ko a mafarki ban yi tunanin a gwada da abu mai kauri ba. Na tambayi na wace ce. Ta ce mai shi ta tafi garinsu can kudu cikin gaggawa, ta bar wa maƙwabta su sayar. A shekarun nan kowa ya san ma'anar tafiya cikin gaggawa. Muka koma ciniki.

Adashin bai isa ba, sai da na ciro manyan tasoshina biyu daga jere na haɗa mata. Da Malam ya dawo ya ga giɓi a bango da baƙo a ɗaki, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, yana ɗinki?"

Na ce, "Malam, ba ka ga furannin ba ne?"

Ya ce ya gani. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Da a ce washegari na kai shi Dala da an rage asara. Amma yaya za a yi abu irin wannan ya shigo Jakara ya fita maƙwabta ba su gani ba? Kwanaki na yi ina karɓar baƙi. Mata na shigowa da sunan aron rariya, su zauna a bakin gado, in buɗe marfi da ɗan mukullin nan a hankali, in juya mariƙi babu zare babu ƙyalle, su saurara. Wata ta ce in ɗinka mata ɗankwali, na ce sai na gama da aikin soja. Haka nake kiransa, aikin soja, kamar gwamnati ce ta ba ni kwangila.

Ranar da za a kai shi gidanmu na ce wa ɗan dako marfin zai yi masa nauyi, ni zan riƙe. Ya ɗauki keken tsirara a ka, rana na dukan furanni, ina biye da shi cikin lulluɓi, muka bi ta doguwar hanya.

Iya ba ta ga furanni ba. Da hannu ta bi shi, daga mariƙi zuwa wuya zuwa allura, har yatsanta ya taɓa ɗan ƙyallen nan. Ta murza shi ta ce, "Wannan fa?"

Na gaya mata abin da dillaliya ta ce.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta ce, "Ciro shi a sa a bargon. Ita ma matafiya ce. Allah ya kai ta gida ita da 'yarta."

Aka sa shi kusa da hannun rigar Malam.

Ba zan ɓoye ba, farkon aikin ya ba ni ruwa. Zare ya yi ta cukuikuyewa ta ƙasa kamar gashin da ba a tsefe ba. Sai da na gano ashe akwai wani zare na biyu a cikin ƙoshiya, can a cikin keken, wanda duk kwanakin nunin nan ban san da zamansa ba. Amma da na gane kansa, sai abu ya tafi. Haɗa ƙyalle da ƙyalle aikinsa ne. Atamfar gwaggonmu, saƙin mahaifinmu marigayi, ɗankwalin Iya, gefen zanen aurena, duk na jona su cikin 'yan kwanaki. Matan gidan suka kewaye ni suna kallo. Na riƙa juyawa da hannu ɗaya ina hira ina kallon wani waje, don a san abin ba ya buƙatar ido. Har cewa na yi da an san da ni tun da, da kawun Iya bai sayar da nasa ba.

Sai aka zo wurin ainihin aikin. Aka shimfiɗa akoko a tabarma, aka baza audugar da Iya ta shiɓe da hannunta, aka rufa fuskar bargon a kai. Na naɗe gefe ɗaya zan tura ta ƙarƙashin wuyan keken. Ya ƙi shiga. Filin da ke tsakanin allura da gindin kekena bai wuce a zura hannu ba. Na matse, na danna, na sa gwiwa, gwaggo ta kama ta can tana ja kamar ana karɓar haihuwar saniya. Da ƙyar muka cusa bakinsa. Na yi bismilla na juya mariƙi. Keken ya yi ɗinki biyu, ya yi nishi, sai "ƙas". Allura ta rabu biyu.

Na ce tsohuwar allura ce, dama ta gaji.

Akwai 'yan wasu a cikin ɗan akwatin da ke gefen keken. Na sa ta biyu, ta bi 'yar'uwarta. Na ce audugar ce ba a cire mata gurya da kyau ba. Iya ta ce, "Ke, audugata?" Na janye maganar nan take. Na sa ta uku, wannan karon na juya da ƙarfi don in nuna masa wace ce uwar ɗakinsa. Gutsuren ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar furar gwaggo, sai da aka zubar da furar.

Aka aika Kurmi neman allura, babu. Aka aika shagunan wajen gari, aka ce masu sayar da irin kayan nan da masu gyaran keke yawancinsu sun tafi, shagunansu a kulle. Na aika wa dillaliya ta zo ta mayar min da tsohon baƙin nan, ko da ban samu tasoshina ba. Ta aiko cewa wani mai ɗinkin katifa ya saye shi tun a makon, kuma kullum sai ya sa mata albarka. Na so da ta bar wannan ƙarshen a cikinta.

Saura allura ɗaya. Na ɗauko ta zan sa, sai Iya ta miƙo tafinta ta ce, "Kawo nan." Na ba ta. Ta soke ta a wani ɗan tsumma, ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta ma yi amfani da ko ɗaya daga cikin kalmomin Barnon nan ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce kawai, "A fito da shi tsakar gida. Kowa ta ɗauko allurarta."

Haka muka koma inda aka fara, sai dai lokaci ya tafi. Muka baje bargon a inuwar darbejiya, mata a kewaye, kowacce da layinta. Iya na ɗinki da lalube, ni ina zura mata zare. Iska ta riƙa ɗaga wata kusurwa tana watsa auduga, aka nemi dutsen dannewa ba a samu ba. Gwaggo ta waiga ta ce, "Ga mai furanni can yana zaman banza." Aka ɗauko kekena aka ɗora a kusurwar. Maganar gaskiya, ya danne ta da kyau. Ko sau ɗaya ba ta sake motsi ba.

Daga ranar sunana a gidan ya koma Tela. "Tela, miƙo zare." "Tela, injinki ya gaji, a matsar da shi wancan gefen." Yatsuna suka huje, bayana ya ƙage, amma layuka suna ta cika. Muka gama su duka, muka naɗe baki uku. Saura baki ɗaya, wanda bakunan layukan suka fuskanta. Gwaggo ta ce gobe da hantsi an gama.

Da hantsin goben, kafin a shimfiɗa tabarma, Auta ya yi sallama. Mun zata sai wani mako. Ya shigo cikin kaki da takalma masu nauyi, ya durƙusa a gaban Iya ya ce an matso da tafiyar, motar da ta kawo su tana bakin titi, ruwa kawai zai sha.

Na tuna kwanakin da na yi ina juya mariƙi babu zare don matan Jakara su ji daɗi. Ko ɗaya daga cikinsu aka dawo min da shi, da an rufe bakin nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin duk gardamar da nake yi wa Iya a kan kawunta, ashe ni ma na yarda da bargon. Na finciki allura na ce, "Bari in tsitstsinke shi, yanzu-yanzu."

Iya ta ce, "Ajiye."

Ta sa aka naɗe bargon yadda yake, buɗaɗɗen bakin a ciki, ta ɗaure da igiya da kanta. Ta ɗora masa a hannu ta ce, "Ba a gama ba. Aro na ba ka. Ka dawo min da shi a rufe bakin."

Ya ce, "To, Iya."

"Ka ji ko? Ban ba ka ba."

"Na ji, Iya."

Da zai fita ya hango kekena a gindin bishiya, kaza na tsaye a kansa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ne aka ce min ya fi jirgi gudu?" Na kai masa duka da gefen mayafi, ya kauce, ya fice yana dariya. Na bi shi har zaure.

Keken ya koma ɗakina a Jakara, babu allura. Ya zauna tsakanin gado da jere, ina goge shi kowace Juma'a tare da kwallaye. Wato ya samu aikin da tun farko na saye shi dominsa. In baƙuwa ta yaba furannin sai in sauya hira. Malam, Allah ya saka masa, bai taɓa sake tambaya ko yana ɗinki ba. Ya dai riƙa tsayawa wurin masu rediyo a kasuwa, ya kawo min abin da ya ji, ni kuma in tace in kai wa Iya. Labarin Auta kan zo jefi-jefi ta bakin wani da ya ga wani da ya gan shi. Wani lokaci sai a yi watanni shiru. Idon Iya ya ƙarasa rufewa. Ta sauya zane nawa a tsawon shekarun nan ban sani ba, amma duk wanda ta ɗaura, ƙullin nan yana bakinsa.

Bayan an ce yaƙi ya ƙare wasu suka fara dawowa. Wasu gidajen kuma aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Mu shiru, har na fara gudun zuwa Dala don kada Iya ta ji ƙarya a muryata. Rannan da la'asar aka aiko in zo.

Na same shi zaune a ƙofar ɗakin Iya. Sai da na dube shi sau biyu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Yaya," ya yi ɗan murmushi, bai tsokane ni ba. Iya ta riga ta gama shafa fuskarsa da kafaɗunsa da yatsunsa, ta tabbatar komai yana nan. Bargon na kan cinyarta. Ya koɗe, ya yi dabbare-dabbare, kuma ya zama falle kamar zane. Tana bin layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, duk babu komai a ciki.

Ta ce, "Ina audugata?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta bakin nan muka riƙa zarowa, Iya. In aka ji wa mutum ciwo kuma babu abin toshewa. Da kaɗan-kaɗan na fara. Daga baya kowa ya san akwai a wurina."

"Duka?"

"Duka. Ta ƙarshen ma ba namu ba ne na sa wa. Yaro ne, a bakin hanya."

Iya ta lalubi bakin zanenta, ta kwance ƙullin da haƙori, ta miƙo tsumman wajen da take jin numfashina. Ta ce, "Ke, gobe a kawo kekenki. Yanzu zai iya."

Da safe ɗan dako ya ɗauko shi, a rufe cikin marfinsa, ta gajeriyar hanya. Na ɗiga masa mai, na sa allurar, na zura zare sama da ƙasa. Na naɗe buɗaɗɗen bakin nan na tura, ya shige ƙarƙashin wuyan keken ba gardama. Matan gidan suka taru, gwaggo na cewa yau dai Tela za ta fita kunya. Auta na zaune kusa da ni a tabarma yana riƙe da ɗaya gefen. Na juya mariƙi, keken ya kama gudu, kat-kat-kat-kat, sumul kamar ranar da dillaliya ta gwada shi. Har na fara ɗaga kai in ga ko kowa na kallo.

Sai na ji an damƙe min hannu. Auta ne. Ya duƙar da kai tsakanin kafaɗunsa, gumi ya keto masa, idonsa na kan ƙofar zaure. Ya riƙe ni da ƙarfi har sai da na ji zafi. Keken ya tsaya. Can ya saki, ya share fuska, ya ce a hankali, "Yaya, ƙarar ce, kamar ta bindiga. Yi haƙuri. Ki ɗan rage gudu."

Na ce, "To."

Na kama mariƙin na juya shi kaɗan, allura ta sauka, ta tashi. Na dakata. Na sake juyawa. Hawaye suka hana ni ganin layi, ya karkace ta wajen ɗan ƙyallen nan mai ɗigon rawaya, ban warware ba. Da da hannu nake yi da na fi haka sauri. Rana ta yi sama, inuwar darbejiya ta matsa ta bar mu, girki ya yi latti, kuma duk gidan babu wanda ya ce in hanzarta. Iya na biye da ɗinkin da yatsa a bayana, har muka kai ƙarshe.